Takardar Haihuwar Arwa

Talatu tana da shekara hamsin da biyar lokacin da Noraisa ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. A unguwar Shisha da ke Makka take zaune, a hawa na biyu na wani tsohon bene bayan kasuwar kayan miya, ita da ƙaninta Labaran, mai jan motar haya tsakanin Makka da Jidda. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu mata sun yi aure, ɗaya a Madina, ɗaya a Kano. Sana'arta turaren wuta da lalle. Kakanninta Hausawa ne, ta Sudan suka biyo suka zo aikin Hajji ba su koma ba, ita kuma a nan Makka aka haife ta, amma sai da ta wuce shekara ashirin kafin ta riƙe iƙama, wato takardar izinin zama, da sunanta a kai.

Noraisa 'yar Filifin ce, Musulma, daga yankin Lanao. Aikin gyaran ɗakuna take yi a wani otal a unguwar Jarwal. Sau biyu ta taɓa zuwa wajen Talatu zanen lallen Sallah, iyakar saninsu ke nan. A wannan rana da la'asar ta zo da ƙaramar jaka, ta tsaya bakin ƙofa. Talatu ta dube ta, ta dubi yadda abayar ta ɗame mata a ciki.

"Shigo tukuna," in ji ta. "Ba a tsaye ake irin wannan magana ba."

Da guntun Larabcinta Noraisa ta faɗi abin da ya faru. Wani direba ɗan ƙasarsu ne ya yi mata alkawarin aure bayan Hajji. Da aka sauko daga Arfa ya tattara ya koma gida, ya rufe wayarsa. Daga baya ta ji ashe yana da mata da 'ya'ya uku. Cikin ya kai wata biyar, abokan kwananta sun fara kallonta, shi ne ta gudo daga masaukin ma'aikata.

"Hala, ban san kowa ba," ta ce. Haka suke kiran babbar mace a nan. "Ke kaɗai kika taɓa tambayata ko na ci abinci."

Da Labaran ya dawo ya tarar da baƙuwa a ɗakin turare, ya ja yayarsa gefe.

"Yaya, kin san abin da kika jawo mana kuwa? Ta gudu daga wajen aikinta, ga ciki babu aure. In aka bincika, mu ma sai mun yi bayani."

"Na sani."

"To?"

"To, ka je ka faɗa mata da bakinka ta fita. Ni ba zan iya ba."

Labaran ya je har ƙofar ɗakin, ya tsaya, ya juyo. Washegari da ya dawo daga Jidda sai ga shi da ledar rumman da madara, ya ajiye a kicin.

An haifi yarinyar da hantsi, ranar wata Laraba. Asibiti ba ta yiwu ba saboda babu takardar da za a nuna, don haka Talatu ta kira Hure, wata tsohuwar ungozoma ta unguwar, su biyu suka karɓi haihuwar. Labaran ne ya yi mata huɗuba, ya yanka ɗan rago ranar suna, aka sa mata Arwa.

Shekara shida suka yi a haka. Noraisa ta koyi aikin turare har ta fi Talatu iya jiƙa itacen sandal da gane lokacin da sukari ya kama. Ta koyi Hausa, ta koyi tuƙa tuwo, amma ba ta wuce bakin layi sai da dalili mai ƙarfi. Arwa kuwa da Hausa ta fara magana. Idanun uwarta ta ɗauko da gashinta mai santsi, amma in ta buɗe baki sai ka rantse a Fagge aka haife ta. Talatu take kira Kaka, Labaran kuma Kawu. In Kawu ya dawo, ita ke karɓar makullin mota ta rataye.

Mutanen benen sun san yadda abin yake, ko da ba a faɗa musu ba. Wasu sun kama bakinsu. Wasu kuwa in Noraisa ta yi musu sallama a matakala sai su amsa ciki-ciki, su ja 'ya'yansu. A cikinsu akwai Saudat, matar hawa na uku, wadda 'yarta Manar sa'ar Arwa ce, kuma duk da harara da tsawa, yaran biyu ba sa rabuwa.

Wata rana Arwa ta shigo daga wasa ba ta yi kuka ba, ta zauna kusa da Talatu da ke tankaɗe lalle.

"Kaka, mene ne shegiya?"

Talatu ta ajiye rariyar. "A ina kika ji?"

"Manar ta ce mamanta ta ce ni ce. Wai shi ya sa ba za a sa ni makaranta ba."

Noraisa tana bakin kicin, ta ji komai. Ta juya ta shige ta rufo ƙofa.

Talatu ta ɗauki mayafinta ta hau sama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa Saudat, "Yarinyar nan a hannuna ta faɗo. Ba ta zaɓi yadda za ta zo duniya ba, kamar yadda taki ba ta zaɓa ba. In kina da magana, ga ni, ki faɗa mini. Amma ki daina aiko da ita ta bakin yara."

Saudat ta ce ita ba da wata manufa ta faɗa ba. Talatu ta sauko. Sai dai rabin maganar da Manar ta kawo gaskiya ce, kuma wannan rabin ya fi ci mata rai. Da aka buɗe makarantu, Manar ta sauko da sabuwar riga da jaka a baya, Arwa tana leƙenta ta taga. Babu makarantar da za ta ɗauki yarinyar da ba ta da ko takardar haihuwa. A wajen hukuma, Arwa ba ta zo duniya ba.

Labaran ne ya kawo shawara ta farko. Ya ce wani fasinjansa ya yi masa kwatancen wani mutum da ke iya haɗa takardu. Za a rubuta cewa Arwa 'yarsa ce, daga matarsa da suka rabu ta koma Nijar. Shi ya yarda a sa sunansa.

Talatu ta ji daɗin wannan magana fiye da yadda ta nuna. In aka yi haka, yarinyar ta zama tasu ke nan, za ta yi makaranta a nan, ta girma a gabanta.

"Kin ji, Nura," ta ce, don haka take kiran Noraisa. "Arwa Labaran. Ai ya yi daɗin faɗa."

Noraisa ta yi murmushi ta ce Allah ya saka da alheri. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

A cikin wannan makon ne wata ma'aikaciyar jinya ta zo lalle. Sunanta Suhaila, ita ma 'yar Filifin ce, wata abokiyar aikinta Bahaushiya ce ta yi mata kwatancen gidan. Tana zaune an ɗora mata hannu a kan matashi sai Arwa ta shigo da kofin shayi. Suhaila ta ƙura mata ido, ta yi mata magana da yarensu. Arwa ta dubi Talatu ta ce, "Kaka, me take cewa?"

Noraisa ta fito daga kicin. Matan biyu suka kalli juna, suka fara magana da sauri da harshen da Talatu ba ta ji. Can sai Noraisa ta durƙushe tana kuka, Suhaila kuma ta manta da lallen da ke hannunta ta rungume ta, ta ɓata zanen duka.

Da suka natsu, Suhaila ta juyo ta yi wa Talatu bayani da Larabci.

"Hala, yarinyar nan tana da ƙasa. A dokarmu, duk wanda uwarsa 'yar Filifin ce, ɗan Filifin ne, ko da aure ko babu. Za ta ɗauki sunan gidan uwarta. Uwar ce ke da ikon riƙonta, ba mai ƙwace ta. Tana da haƙƙin fasfo da makaranta. Uban ma, in aka tabbatar shi ne, doka ta ɗora masa ciyar da ita."

"Ko da ba a rubuta sunansa ba?"

"Ni da kike gani, a takardar haihuwata gurbin sunan uba babu kowa. Na sha gori a makaranta, ba zan ɓoye miki ba. Akwai wanda ya fasa aurena saboda haka. Amma da wannan takardar na yi karatu, da ita na zo nan, da ita nake duba marasa lafiya. Yanzu kuma an ba da wa'adin afuwa ga waɗanda takardunsu suka lalace su fita ba tare da hukunci ba. In za a yi, yanzu ne. A je ofishin jakadancinmu a Jidda."

"Su fita," Talatu ta maimaita. "Wato su tafi."

"E, Hala. Sai sun tafi."

Talatu ta sake zana lallen daga farko. Amma bayan baƙuwar ta tafi, kwana biyu ta yi rai a ɓace. Ta yi wa Arwa tsawa a kan ɗan ruwan da ta zubar. Ta ce wa Labaran wannan mata ta zo ta raba gida, wa ya aiko ta.

A rana ta uku da safe suna zuba turare a kwalabe, ita da Noraisa, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Nura, ban taɓa tambayarki ba. Ke me kike so?"

Noraisa ta daina zuba turaren.

"Hala, Kawu mutumin kirki ne. Sunansa ya fi sunan ubanta sau dubu. Amma in muka sa mata sunan ƙarya, duk ranar da ta miƙa takarda gabanta zai faɗi. Ni shekara shida ke nan gabana yana faɗuwa in na ji an buga ƙofa. Ba na so ta gaji wannan daga wajena."

Talatu ta rufe kwalbar da ke hannunta. Ta san wannan faɗuwar gaba. Ta tuna tana budurwa, yadda take canza hanya in ta hango motar 'yan sanda, da ranar da mahaifiyarta ta yi ta naƙuda a gida saboda tsoron tambaya. Ta tuna kuma ranar da aka miƙo mata katin iƙamarta, ta fito ta bi tsakiyar titi har gida ba ta waiwaya ba.

"Ki shirya," ta ce. "Jibi Labaran zai kai mu."

A ofishin da ke Jidda sun tarar da mata da yawa a kan kujeru, wasu da jarirai, wasu da yara da suka girmi Arwa. Da can Noraisa ta zaci ita kaɗai ce a duniya. Da aka kira su, jami'ar da ta karɓe su, wata mai gilashi da furfura kaɗan a goshi, ta miƙo takarda. Noraisa ta cike sunanta, ta cike na yarinyar, ta zo layin uba ta tsaya, biron yana hannunta.

"Kun yi aure da shi?" jami'ar ta tambaya.

"A'a."

"Ya sa hannu ya amince 'yarsa ce?"

"A'a."

"To bar wurin haka. Ci gaba da na ƙasa."

Jami'ar ba ta ɗaga gira ba, ba ta sauya murya ba. Noraisa ta faɗa daga baya cewa a duk tsawon shekarun nan, wannan ne karo na farko da ta faɗi gaskiyar ba a dube ta sau biyu ba.

Sai maganar shaida. Tunda ba a asibiti aka haihu ba, dole a sami wanda ya ga haihuwar da idonsa. Hure ta rasu shekara biyu da suka wuce. Saura Talatu. Labaran ya raɗa mata cewa in ta sa hannu, ta amsa ke nan cewa ta ɓoye mutum a gidanta. Ta ce ta sani. Ta fito da iƙamarta ta ajiye a kan tebur.

"Wace rana aka haife ta?"

"Laraba, sha huɗu ga Rajab, da hantsi. Ana kiran azahar na riga na yi mata wanka."

"Wa ya yanke cibiya?"

"Marigayiya Hure. Ni na riƙe."

"Kin tabbata wannan matar ce ta haife ta?"

"'Yar nan," in ji Talatu, "hannuna ta kama tana naƙuda har sai da ya kumbura. In ban tabbata da wannan ba, ban tabbata da komai ba."

Jami'ar ta yi dariya, ta nuna mata inda za ta sa hannu. Talatu ta rubuta sunanta a hankali, tana sane da cewa wannan rubutun ne zai ɗauke mata yarinyar.

Abin bai zo da sauri ba. An yi gwajin jini don tabbatar da uwa da 'ya. An je an dawo, an sake zuwa. An kira Talatu an yi mata tambayoyi a wani ofishin hukuma, ta amsa yadda abin yake, aka gargaɗe ta aka sallame ta. Wata uku da 'yan kwanaki sannan aka miƙo wa Noraisa takardar haihuwa da takardar tafiya. A cikin mota Labaran ya karanta da ƙarfi: Arwa Makabato, da sunan gidan uwarta. Arwa ta ce a sake faɗa. Ya sake. Ta yi ta maimaitawa har suka shigo Makka.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi Noraisa ta fi tsoro. Mahaifiyarta a Lanao ba ta san da yarinyar ba. Duk shekarun nan in sun yi waya, a ɗaki take kulle kanta. Talatu ta ce a kira ta a gabanta. Fuskar tsohuwar ta bayyana a wayar, Noraisa ta yi magana tana sunkuye. Tsohuwar ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta ce a nuna mata yarinyar. Aka tura Arwa gaban wayar. Tsohuwar ta dube ta, ta share ido da gefen mayafi, ta faɗi wani abu.

"Me ta ce?" Talatu ta tambaya.

"Ta ce kunnuwan mahaifina ne. Kuma ta ce wace ce wannan da ke bayanta."

"Ce mata ba kowa."

Noraisa ba ta ce haka ba. Ta yi dogon bayani. Tsohuwar ta ɗora hannu a ƙirji, ta faɗi abin da ba ya buƙatar fassara: "Jazakillahu hairan." Ta faɗa sau uku.

Ranar tafiya da safe Manar ta sauko da leda, a ciki akwai littafin rubutu da fensira masu launi. Ta ce mamanta ce ta ce a ba Arwa. Saudat kanta ba ta sauko ba. A filin jirgi Arwa ta riƙe abayar Talatu ta ce ba inda za ta sai da Kaka. Talatu ta durƙusa ta ce mata, "Makaranta za ki. In kin iya rubutu ki rubuto mini." Noraisa ta kama hannun Talatu ta sumbata. Labaran ya ce zai je ya duba mota, aka ga bai dawo ba sai da suka shige.

A can ma ba a rasa masu magana ba. Wani kawun Noraisa ya yi shekara bai taka gidansu ba, kuma akwai uwar da ta hana 'yarta zama benci ɗaya da Arwa. Noraisa ta faɗa wa Talatu duk wannan a waya, ba ta ɓoye ba. Amma an ɗauki Arwa a makarantar gwamnati a makon farko, ba wanda ya nemi komai sai takardar. Da taimakon wata lauya Noraisa ta nemo uban. Ya yi ta zillewa, daga baya ya amsa, ya sa hannu. Aka ce mata yanzu yarinyar tana iya ɗaukar sunansa in ana so. Ta tambayi Arwa, Arwa ta ce ita ta saba da nata.

Duk Juma'a bayan la'asar ta can, wato da hantsin Makka, wayar Talatu takan yi ƙara. Hausar Arwa ta fara guje mata, tana cakuɗa ta da wasu yaruka biyu, amma gaisuwa ba ta ɓace mata ba, har da tambayar gajiya da kasuwa. A ƙarshen shekararta ta biyu ta ɗaga takardar sakamako a gaban wayar, ta zo ta huɗu a aji.

"Ta huɗu?" in ji Talatu. "Su waye ukun da suka wuce ki?"

Arwa ta lissafo sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da gaske, har da wanda ta ce yana satar amsa. Talatu ta yi dariya har da tari. Da aka kashe wayar ta ce alhamdu lillahi a fili, sannan ta ƙwala wa Labaran kira ya zo ya ji.